Mudu uku a shago ɗaya: yaushe saɓanin alƙaluman intanet ke cin kuɗin ɗan kasuwa?

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, kawuna ya aiko yaro ya kira ni shagonsa da ke kusa da babbar kasuwar Sokode. Shekara da shekaru yana sayar da shadda da atamfa da hijabai. Tun bara ɗansa ya buɗe masa ɗan shafin intanet, inda ake sa hotunan kaya da farashi da lambar waya, kuma yakan biya kuɗin talla jefi-jefi. Na tarar ya tasa waya a gaba, fuska a murtuke. Ya ce, "Malam, kai ne ɗan boko, zo ka raba mini gardama. Abu ɗaya ake ƙirgawa, mutanen da suka leƙa kayana a watan nan, amma wuri uku sun ba ni lissafi uku. Wa ke yi mini ƙarya?"

Na karɓi wayar na duba. Inda yake biyan talla sun nuna adadi mai kauri. Manhajar ƙidayar da aka ɗaura wa shafin ta nuna ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Masu ajiye masa shafin kuwa sun nuna abin da ya fi na biyun. Na ce, "Kawu, ba lalle ne a samu maƙaryaci ba, kowa da mudunsa." Ya ce, "To, na ji. Amma abu guda na gane a ciki. Taswirar nan ta ce kusan duk masu duba kayana a Lome suke. Kayan da nake aikawa Dapaong duk wata zan tsayar, in karkata su kudu."

Tambayarsa ta farko ba ta dame ni ba. Shawarar da ya yanke ita ce ta tayar mini da hankali, ita ce kuma dalilin wannan sharhi. Matsayinmu shi ne: saɓanin jimilla tsakanin manhajojin ƙidaya, a mafi yawan lokuta, bai kai a rasa barci a kansa ba. Amma akwai wurare uku da kuskuren awo ke zama asarar kuɗi, kuma ɗaya daga cikinsu mu mutanen arewacin Togo ya fi shafa.

Bari mu fara da dalilin saɓanin. Masu ajiye shafi suna rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, mutum ne ko na'ura. Intanet cike take da manhajoji masu yawo da kansu, wasu na injunan bincike, wasu na masu satar bayanai. Rahoton da kamfanin Imperva ya fitar a 2024 ya ce kusan rabin zirga-zirgar intanet ta duniya irin waɗannan ne. Don haka wannan mudun kullum a cike yake har yana zuba.

Su kuwa irin su Google Analytics da Matomo ɗan saƙo suke dasawa a cikin shafin. Sai shafin ya buɗe a wayar mutum, saƙon ya tashi, sannan a ƙirga shi. Wanda layinsa ya yi nauyi ya gaji da jira ya rufe, ba a gan shi ba. Wanda ya sa manhajar toshe talla, sau da yawa shi ma ba a gan shi ba. Mai sayar da talla kuma dannawa yake ƙirgawa. Da zarar yatsa ya taɓa hoton, an rubuta ɗaya, ko da shafin bai buɗe ba, ko da kuskure yatsan ya yi.

Ko ma'anar "mutum ɗaya" ba a daidaita a kanta ba. Manhaja ba ta san mutum ba, waya ta sani, ko ma dai wata 'yar alama da ta liƙa wa burauzar wayar. A gidajenmu waya guda takan yi wa uwa da 'ya'yanta uku aiki, a ƙirga su mutum ɗaya. Wani kuma ya duba da wayarsa da safe, ya duba da kwamfutar ofis da rana, a ƙirga shi mutum biyu. Burauzar Safari ta wayoyin iPhone, tun 2019, takan share irin wannan alama bayan kwana 7 idan mutum bai dawo ba, sai tsohon abokin ciniki ya dawo a matsayin baƙo. Google Analytics kuma idan ka yi minti 30 ba ka taɓa komai ba, ka dawo, sabuwar ziyara ce a wurinta. Kai, ko a gida ɗaya ma ba a tsira ba. Ranar 1 ga Yuli 2023 Google ya dakatar da tsohon tsarin ƙidayarsa ya koma sabo, kuma masu shafuka a duniya suka ga alƙalumansu sun sauya alhali kasuwarsu tana nan yadda take. Yadda ake ƙirgawa ne ya canja.

To, duk wannan ya kamata ya dami mai shago a Sokode? A ganinmu, galibi a'a. Kowace uwar gida ta san mudun wannan kasuwa da na waccan ba su cika zuwa ɗaya ba, kuma wannan bai hana ta sanin ko masara ta yi tsada ba, muddin da mudu ɗaya take awo mako bayan mako. Kakanninmu fatake da suka riƙa bi ta Didawure da Sansanin Mango zuwa Salaga neman goro sun ratsa kasuwanni masu awo iri-iri. Abin da suka riƙe shi ne nasu lissafin, ƙwaryar goro ɗari ce, kuma sun san nawa suka saya, nawa suka sayar. Haka abin yake a nan. A ce manhaja ɗaya ta ce mutum 800 suka zo a watan jiya, 1,200 a wannan watan, ɗayar kuma ta ce 1,000 da 1,500. Ba su yarda da juna a kan adadi ba, amma duka biyun sun ce an ƙaru da rabi. In tambayarka ita ce ko sabbin hotunan da ka sa sun jawo mutane, amsar ɗaya ce ko wacce ka bi. Wanda ya biya kuɗi don a raba masa gardama tsakanin 1,200 da 1,500 ya sayi abin da ba zai canja masa komai ba.

Mu malamai mun san wannan a aji. Idan malamai biyu suka duba takarda ɗaya, wani ya ba da 15 bisa 20, wani 16, ba wanda zai ɗaga murya, yaro ya wuce ko ta yaya. Amma in wani ya ba da 9 da rabi, wani 10 da rabi, maki guda ɗin nan shi ne tsakanin wucewa da maimaita aji. Girman saɓanin iri ɗaya ne. Inda ya faɗo ne ya bambanta. Shi ya sa ake sake duba takardun da ke bakin layi da idon basira, sauran a bar su.

Wannan shi ne wuri na farko da saɓani ke da nauyi: idan shawara tana bakin layi. A ce ka kashe sefa 20,000 a talla, kuma ribarka a kan kowane ciniki sefa 2,000 ce. Sai ka yi ciniki 10 kafin kuɗinka ya dawo. In allon mai talla ya ce ciniki 12 tallan ya kawo, manhajar shafinka ta ce 8, ɗaya na cewa ka ci gaba, ɗaya na cewa ka tsaya. Akwai dalilin da ya sa na mai talla kan fi yawa. A tsarin da Meta ke bi idan ba ka canja ba, wanda ya danna talla ya yi sayayya cikin kwana 7, ko ya gan shi kawai ya saya cikin kwana 1, tallan ake ba ladan. Alhali mai yiwuwa tsohon abokin cinikinka ne da zai zo ko ba talla. A irin wannan hali babu manhajar da za ta yanke hukunci. Littafin shago ne zai yanke, da tambayar da ba ta cin ko dala: "Hajiya, a ina kika ji labarinmu?"

Wuri na biyu shi ne wanda ya kusa cin kawuna. Kuskure iri biyu ne. Akwai wanda ke faɗa wa kowa daidai wa daida, kamar mudun da ya ɗan gaza ga duk mai saye. Akwai kuma wanda ya karkata gefe guda, kullum mutane iri ɗaya yake tauyewa. Na biyun shi ne mugu, domin ba ya ɓacewa ko ka tara lissafin shekara.

Duba yadda manhaja ke gane garin da mutum yake. Ba ta ganin ƙafarsa. Adireshin intanet ɗin da kamfanin waya ya ba shi take dubawa, ta yi hasashe. Kamfanonin waya kuwa sukan tattara zirga-zirgar masu amfani da su ta fita ta cibiyoyi kaɗan, kuma a ƙasa irin tamu ƙofar fita tana gaɓar teku. Can ne wayoyin ƙarƙashin ruwa ke sauka, har da Equiano ta Google da ta iso Lome a watan Maris na 2022. Saboda haka mace tana zaune a Dapaong, fiye da kilomita 600 daga babban birni, tana duba hijabi, allo zai iya rubuta ta a Lome. A matakin ƙasa hasashen yakan yi daidai. A matakin gari, musamman ga masu waya, ba abin dogaro ba ne.

Ƙara da sauran abubuwan da muka ambata. Wa layinsa ya fi yankewa kafin shafi ya buɗe? Wa ke tattalin mega, yana rufe shafi mai nauyin hotuna da sauri? Wa ke amfani da burauza irin Opera Mini, wadda a yanayinta na tsimi take bi da shafi ta kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa kafin ya iso waya? Wa ke raba waya ɗaya da mutanen gida? Amsar duka ɗaya ce, mai ƙaramin ƙarfi da mazaunin nesa da birni. Sannan yawancin cinikinmu a WhatsApp yake tafiya. 'Yar uwa ta tura wa 'yar uwa hoto da lamba, a yi magana da murya, a tura kuɗi, a sa kaya a mota. Manhajar shafi ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. In ma an danna mahaɗin da aka tura, sau da yawa sai ta rubuta cewa mutum kai tsaye ya zo, ba ta san wa ya aiko shi ba.

Abin da ke cikin wannan ya wuce shagon mutum ɗaya. Tun watan Yuni na 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro. Da ma 'yan kasuwa da dama suna ɗari-ɗari da aika kaya arewa. In aka ƙara musu da allo mai launi da ke cewa babu masu saye a can, an ba su hujjar da suke nema. Dillali a Lome zai rage kason Kara da Dapaong, kamfani zai kashe kuɗin tallansa a kudu, kaya su yi ƙaranci a arewa, su yi tsada. Shekara mai zuwa kuma lissafi ya nuna ciniki ya ragu da gaske, a ce ai ga shi nan, da ma mun faɗa. Ƙidayar da ba ta gan mu ba ita za ta haifar da abin da ta yi iƙirari.

Ƙasarmu ta taɓa ganin muhimmancin wannan a babban mataki, ko da yake ba a kan shafin kasuwanci ba. A watan Afrilu na 2020 gwamnati ta ƙaddamar da Novissi, tallafin kuɗi ta waya lokacin annobar korona, kuma Caujo, wato yankin Sokode, na cikin wuraren farko da ya shafa. Daga baya, tare da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na jami'ar Kalifoniya a Berkeley, aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan amfani da waya don gano mafi talauci a karkara. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna hanyar ta rage barin mabukata a baya da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari idan aka kwatanta da zaɓe ta yanki kawai, amma ba ta kai ingancin cikakkiyar rajistar gida-gida ba. Darasin da muka ɗauka shi ne masu aikin ba su tsaya ga tambayar nawa aka ƙirga ba. Sun tambayi wa aka bari a baya, suka auna shi, suka buga. Ita ce tambayar da ya kamata mai shago ya yi wa allonsa.

Wuri na uku shi ne lokacin da adadin kansa ya zama haja. Yau a Sokode da Dapaong akwai samari masu shafuka da ke karɓar kuɗi su tallata maka kaya, kuma farashinsu a kan yawan masu kallo yake. Sana'a ce ta halal, muna kuma yi musu fatan alheri. Amma idan mutum ya kawo maka adadi don ka biya, tambaye shi da wane mudu ya auna. A Facebook an daɗe ana ƙirga daƙiƙa 3 a matsayin kallon bidiyo, a YouTube kuwa sai kusan daƙiƙa 30. Kalma ɗaya, kaya biyu. Ko manyan ma sun yi tuntuɓe a nan. A watan Satumba na 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke kallon bidiyo, domin a lissafin yana cire waɗanda ba su kai daƙiƙa 3 ba. Masu talla suka kai ƙara a Amurka, a 2019 aka sasanta a kan dala miliyan 40. In kamfani mai dubban injiniyoyi zai yi haka, ba cin fuska ba ne ka nemi ɗan unguwarku ya nuna maka allon da idonka. Shi kuma mai shafi ya tuna, zaɓar mudun da ya fi kumbura don a sayar, a ɓoye ƙaramin, ba sabon abu ba ne. Tun muna allo muka karanta abin da Suratul Muɗaffifina ta ce a kan masu tauye awo, kuma hukuncin bai tsaya a kan hatsi ba.

Wasu dattawanmu za su ce, to a watsar da abin gaba ɗaya mana, iyayenmu sun yi arziki ba su san shi ba. Muna girmama wannan magana, amma ba mu bi ta ba. Manhajar ƙidaya tana gaya maka abin da littafin shago ba zai iya ba: wane kaya ake yawan dubawa ba a saye, wataƙila farashinsa ne ya yi yawa, wane shafi ne mutane ke gudu daga gare shi, wataƙila hotunansa sun yi wa layinmu nauyi, wace rana da wane lokaci aka fi leƙowa. Mudu mai 'yar gazawa ya fi awo da hannu. Wasu samari kuma, a ɗaya gefen, za su ce a sayi manhaja mafi tsada a huta. Su ma ba mu bi su ba. Babu manhajar da ke ganin wanda shafi bai buɗe masa ba, ko cinikin da aka ƙulla da saƙon murya.

Shawararmu ga masu shaguna ba ta da wuya. Ka zaɓi manhaja ɗaya ka zauna a kanta, ka riƙa kwatanta wata da wata, azumin bana da azumin bara, ba manhaja da manhaja ba. In ka canja, rubuta ranar a littafi, kada ka gwada alƙaluman kafin ranar da na bayanta. Kafin ka yanke shawarar da za ta taɓa kuɗi, tambayi kanka: in adadin nan ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, ko ya ƙaru da haka, zan canja ra'ayi? In ba za ka canja ba, wuce abinka. In za ka canja, nemi shaida ta biyu daga wajen allo. Kada ka taɓa rufe hanyar wani gari saboda taswirar manhaja. Kuma ka ƙara layi ɗaya a littafin cinikinka: garin mai saye da inda ya ji labarinka. Sai dai a kula, lambobin waya da sunayen mutane amana ce. Togo tana da dokar kare bayanan mutane tun watan Oktoba na 2019, kuma ko ba doka, ba daidai ba ne ka miƙa wa wani lambar matar mutane don ya aika mata talla.

Ga samarinmu masu haɗa wa mutane shafuka kuwa, nauyin ya fi yawa a kanku, domin ku ake yarda da ku. Kada ku miƙa wa dattijo allo ku tafi. Ku zauna ku gaya masa abin da allon ke gani da abin da ba ya gani. Ku rage nauyin hotuna don shafi ya buɗe a Mango da Sinkase kamar yadda yake buɗewa a Lome. Wannan kaɗai zai gyara ƙidayar fiye da sayen sabuwar manhaja, kuma zai ƙara ciniki.

A ranar nan ban yi wa kawu dogon bayani irin wannan ba. Na ce, "Kawu, ɗauko littafin aike, mu kuma buɗe saƙonnin Flooz da T-Money." Har yanzu haka yake kiran ta, ko da yake sunan ya koma Mixx tun ƙarshen 2024. Muka bi wata uku layi-layi, yana karanto suna, ina rubuta gari. Kafin a kira magariba shafin takardar ya cika da Dapaong da Mango da Sinkase, ga Kara da Bafilo, Lome kuwa tana can ƙasa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ashe da na kori masu ba ni abinci." Kayan Dapaong sun tafi a ranar da suka saba tafiya. Manhajar ma bai cire ta ba, ya dai ce wa ɗansa ya daina nuna masa taswira.